Nafi'u da Tubalinsa, Shekara Huɗu Bayan Hanyar Gummi

Da kakar bana shekara huɗu ke nan da aka kashe Nafi'u a kan hanyar Anka zuwa Gummi, ina kwance rub da ciki a gefensa, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tsawon tabarma ba. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in na zauna sai hannu ya ƙi. Bana matarsa ta gaya mini ɗiyarsu ta fara tambayar wane irin aiki babanta yake yi, ita kuma ta rasa yadda za ta bayyana mata. Shi ya sa na ce bari in gwada, ko da rubutun bai fita yadda nake so ba.

Nafi'u taubashina ne, ɗan Gwaggo Luba ƙanwar mahaifina. Mahaifinsa malamin zaure ne a Anka, a gabansa muka yi karatun allo tare, muka sha bulala tare. Tun muna yara yake kirana bawan gidansu, ni ma ina kiransa bawan gidanmu, har ya bar duniya ba mu raba wannan gardama ba. Gajere ne, mai saurin magana da saurin dariya, ba ya iya jiran mutum ya gama jimla. In yana aiki sai ka ga ɓawon gyaɗa ya cika teburin har cikin maɓallan kwamfuta. Shi ya fara tafiya makarantar kimiyya da fasaha ya karanto kwamfuta, ya dawo ya ja ni cikin sana'ar, ina so ba na so.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in faɗa a taƙaice. Duk manhajar da ke wayarka, in ka taɓa ta tana neman wani bayani, ba a cikin wayar take samo shi ba. Akwai wata kwamfuta can nesa da ake kira saba, ita ke riƙe da bayanan, kuma tana da ƙofar da manhaja ke zuwa ta yi sallama ta karɓi abin da ta zo nema. Wannan ƙofar ita ce masu sana'ar ke kira API. Gina irin waɗannan ƙofofi shi ne aikin Nafi'u. Ba wanda ke ganin aikin da ido, sai ranar da ya lalace kowa ya san da shi.

Aikinsa na farko mai nauyi ya zo ne daga wasu ma'aikatan lafiya da ke bibiyar yaran da gubar dalma ta kama a wajen Tungar Daji, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Suna son duk wanda ya duba yaro ya shigar da abin da ya gani ta waya, na gaba da shi ya tarar. Nafi'u ya gina musu. Da wani aikin ya biyo baya, sai ya ga kwanakin farko duk sun tafi a maimaita abin da ya riga ya yi: tsara foldoji, haɗa rumbun bayanai, kafa ƙofar shiga da kalmar sirri, shirya abin da saba za ta ce in an yi kuskure. A aiki na uku ya tura kujera baya ya ce shi ba jakin niƙa ba ne da zai yi ta zagaya wuri ɗaya. Akwai kayan aikin da wasu suka ƙera a ƙasashen waje don wannan matsala, amma duk sai sun sha data mai yawa kafin su motsa, mu kuwa a lokacin sai ka hau kan katanga kafin saƙo ya fita.

Sai ya zauna ya rubuta nasa. Babu hoto, babu abin dannawa. Baƙin allo ne kawai irin wanda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Ka rubuta kalma uku, misali "tubali sabo asibiti", sai ya yi maka 'yan tambayoyi da Hausa: wane irin rumbun bayanai kake so, za a sa ƙofar shiga ko a bari a buɗe. Kafin ka kurɓi shayi ya shimfiɗa maka ƙashin aikin gaba ɗaya, kowane fayil a mazauninsa, saura kai ka zuba naka tunanin. Yakan ce wa ɗaliban da yake koya wa sana'ar a wani ɗaki a Anka, magini ma sai an ja masa igiya an kafa turaku kafin ya kwaɓa ƙasa. Duk abin da kayan aikin ke buƙata ya tattara shi a filash guda, ɗan ma'ajin bayanan nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ta yadda ko babu sabis ko kaɗan mutum zai iya fara aiki.

Da farko Harsashi ya sa masa suna, yana nufin harsashin gini. Gwaggo ta ji muna ta maimaita sunan a tsakar gida, ta ajiye faifan da ke hannunta ta ce, "Ƙasag ga tamu ba a sa ma abu wanga suna." Bai yi musu ba, ranar ya mayar da shi Tubali.

Akwai abu ɗaya da ya kafe a kai. Irin waɗannan kayan aiki sukan zo da ɗan misali a ciki don sabon shiga ya ga yadda ƙofar ke amsawa, kuma misalan na waje duk na shagon sayar da karnuka ne da makamantansu. Nafi'u ya ce ɗan Bukkuyum ba zai koyi sana'a da karen wani ba. Ya zuba sunayen garuruwanmu a misalin nasa, don ɗalibi ya tambayi saba ta amsa masa da sunan mahaifarsa. Na sha ganin fuskar mutum ta washe da ya ga Gwashi ta fito a allo.

Ɗaliban nan kuwa ba a cikin kwanciyar hankali suke zuwa ba. Da yawansu gudun hijira ya kawo iyayensu Anka. Akwai wanda ya zo da tabon sara daga kunne har haɓa. Akwai wadda aka yanka mahaifinta a gona tana ɓoye cikin dawa tana jin komai, ta yi watanni a ɗakin koyon ba ta cewa uffan, sai dai ta rubuta umarni kwamfuta ta amsa. Wata rana ana tsakar darasi aka shigo gari da gawawwaki a bayan a-kori-kura, jini na ɗiga a kan titi har ƙofar asibiti. Muka fita muka taimaka aka sauke, muka wanke hannu, Nafi'u ya koma ya ɗora daga inda ya tsaya. Na tambaye shi daga baya ko bai ga ya kamata a tashi ba. Ya ce in an tashi ina za su, gidajen da za su koma su ne aka ƙone.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yadda sana'ar ta koma yau. Yanzu matashi zai buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira ya gaya mata abin da yake so da bakinsa, ta zubo masa aikin da ya fi na Tubali yawa. Na tabbata da farko zai yi murna, don bai taɓa ƙaunar wahalar banza ba. Sannan zai kama karanta abin da ta zubo layi-layi yana tsaki, ya tambayi mai aikin ko ya san dalilin wannan layin, in ya ce bai sani ba ya sa shi ya goge ya sake. Kuma na san zai yi tambayar da ya saba: in an ɗauke sabis fa? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

An kuwa ɗauke. Lokacin da hukuma ta rufe layukan waya a faɗin jihar nan don a matsa wa 'yan bindiga, mun wayi gari kamar an kife mu da ƙwarya. Ɗakin koyonmu bai tsaya ba, albarkacin filash ɗin nan. Amma a cikin waɗannan makonni Nafi'u ya gano wani aibi a Tubali da ya hana shi sukuni. Duk aikin da aka fara da shi yana fitowa da mabuɗin sirri iri ɗaya, in mai aikin bai kula ya sauya ba. Ma'ana wanda ya san mabuɗin ɗaya zai iya buɗe ƙofar saura. A lokacin mutane a wasu jihohi sun fara amfani da shi, har da masu riƙe bayanan marasa lafiya. Ya gyara cikin yini guda, sai dai gyaran ba shi da amfani sai an ɗora shi a intanet an kuma sanar da mutane.

Muka ji cewa in ka wuce Gummi ka kusanci iyakar jiha ana samun sabis. Na ce masa mu jira a buɗe layi. Gwaggo ta ce ya jira. Ya ce shi ya bar ƙofar mutane a buɗe, kuma ba zai iya cin tuwo yana sane ba. Ya kwafa mini gyaran a nawa filash ɗin kamar yadda ya saba, na maƙala shi a zoben makullaina, muka shiga motar haya da hantsi.

Mu shida ne har da direba. Nafi'u a gaba, ni a baya tare da mata biyu da wani dattijo Bafulatani da zai je Gummi neman maganin ido. Dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya biyu, ba a fara yanka ba. Mun shiga ƙasar Bukkuyum, dattijon na ba mu labarin yadda aka kore masa garke gaba ɗaya a bara, sai gilashin gaba ya tarwatse. Ban ji ƙarar harbin ba sai daga baya. Kan direba ya faɗo a kafaɗar Nafi'u, rabin fuskarsa babu, motar ta sauka daga kwalta ta soki kwalbati ta tsaya.

'Yan bindiga suka fito daga cikin dawa, sun fi ƙarfin ƙirgawa a wannan hali. Suka fizgo mu ta tagogi da ƙofofi. Wani ya ɗaga gindin bindiga zai sauke mini a ka, na tare da hannu, na ji ƙashin ya ɓalle kamar kara. Aka kwantar da mu a gefen titi, aka kwashe wayoyi da takalma. Ɗaya daga cikin matan tana ta salati, wani ya taka mata baki da ƙafa har ta yi shiru.

Sai aka zaro jakar Nafi'u daga ƙarƙashin kujera. Babbansu, wani dogo mai rawani da rigar soja, ya juya kwamfutar a hannu ya tambayi mai ita. Nafi'u ya ɗaga kai ya ce tasa ce. Aka tashe shi aka ce ya buɗe. Da ya buɗe, allon ya dawo daidai inda ya bar shi da safe, yana gwajin ƙarshe na gyaran: baƙin allo, fararen rubutu na gangarowa. A cikinsu akwai wani da ya ɗan taɓa boko. Ya sunkuya ya bi rubutun da yatsa yana haɗa baƙi kamar ɗan aji ɗaya, har ya fara fitar da sunaye da ƙarfi. Gwashi. Tungar Daji. Nasarawa Burkullu.

Babban ya ce, "Wa kaka aika ma sunan garuruwan ga?"

Nafi'u ya ce, "Wallahi ba kowa. Misali na, na koyarwa. Ko sabis babu, ku duba."

Ina kwance ina jinsa ya koma muryarsa ta darasi, a hankali, yana ƙoƙarin juya musu allon su gani, yana cewa ai ko wane suna aka sa zai fito. Har zuciyarsa ya ɗauka in ya yi bayani da kyau za su gane. Rashin sani ya fi dare duhu, balle in mai shi na riƙe da bindiga. Babban ya ce ai dama an gaya musu akwai masu na'ura da ke nuna wa jirgi inda suke. Ya sa aka danne hannun Nafi'u na dama a kan bonet ɗin motar, ya ɗaga gindin bindiga ya sauke a kan yatsun. Ya sake tambaya. Ya sake saukewa. Da suka gama da na dama suka kama na hagu. Ina jin ƙarar ƙarfe da ƙashi, ina jin taubashina na kiran sunan Allah, sannan yana kiran Inna kamar ƙaramin yaro. Bai ƙirƙiro musu sunan kowa ba don su ƙyale shi, alhali da ya ambaci wani wataƙila sun dakata.

Dattijon nan Bafulatani ya miƙe a kan gwiwoyinsa. Ya yi musu magana da Fillanci, doguwar magana, ya dawo Hausa ya ce su ji tsoron Allah, shi ma sun gama da shi bara bai ce komai ba, amma wannan malami ne ba ɗan leƙen asiri ba. Wani ya zaro adda ya sare shi a kafaɗa, ya kife. Babban ya ja da baya ya harbi Nafi'u a ciki, ya ƙara masa a ƙirji. Ya ɗaga kwamfutar ya maka ta da kwalta, suka bi ta da ƙafa. Can wani ya yi fito daga kan bishiya, suka ja matan nan biyu cikin dawa, muka ji babura sun tashi. Ɗaya daga cikinsu ta dawo gida bayan watanni. Ɗayar har yau ban ji labarinta ba.

Manoma ne suka fito da amalanken shanu suka ɗora mu. Nafi'u na da sauran rai. Na tallafe kansa da hannuna mai lafiya, jininsa na bin tsakanin katakan yana zuba a turba. Ya tambaye ni ko hannayensa na nan, don ba ya jin su. Na ce suna nan. Ya nemi ruwa, wani manomi ya ɗiga masa daga gora. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bina, tun ina jin sautin har ya koma motsin leɓe. Ba mu kai garin da ke gaba ba ya cika.

Mahaifinsa ne ya yi masa wanka da kansa. Da ya fito daga ɗakin ya same ni zaune a zaure an ɗaure mini hannu da karare. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa jama'a haƙuri da ƙaddara, ya tsaya a kaina ya ce, "Sanusi, mi hannunai yay yi musu?"

Makullaina da filash ɗin ke maƙale da su, maharan ba su ɗauka ba. Bayan addu'ar bakwai wani ɗan'uwa ya raka ni ta wata hanyar muka fita jihar, na ari kwamfuta na ɗora gyaran da hannu ɗaya, na rubuta wa masu amfani da Tubali su sauya mabuɗansu. Wasu suka amsa da godiya, wani ma ya yi ƙorafin an makara. Ban gaya musu abin da ya faru ba.

Yau waɗanda suka kashe shi saboda zargin na'ura, su ne ke ɗora bidiyonsu a intanet da manyan wayoyi, suna baje bindigogi suna dariya, mutane na kallo. Ban san me zai ce da wannan ba. Wataƙila ya yi irin dariyarsa mai ɗaci. Hanyar nan har yanzu direbobi kan tsaya su tambayi masu zuwa kafin su shiga. Dattijon nan Bafulatani ya rayu, hannun ya shanye, duk kaka yakan zo ya gaida Gwaggo.

Ni ke kula da Tubali yanzu, kuma a shekarar farko na cire sunayen garuruwa daga misalin. Na mayar da su gero, dawa, maiwa da wake. Ɗalibanmu na bin waɗannan hanyoyi da kwamfuta a jaka, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta kuwa ba ka tsaya gardama. Na san da yana raye da mun yi faɗa a kai, ya ce tsoro ne, in ce hankali ne, mu kwana ba mu shirya ba. Akwai ranakun da nake ganin gaskiyarsa.

Ba zan yaudari mai karatu in ce Tubali zai dawwama ba. Kayan aiki irin wannan tsufa suke da wuri, masu amfani da shi sun ragu, kuma shi kansa Nafi'u da ya ga wanda ya fi shi zai jefar da nasa ba tare da waiwaye ba. Ɗalibansa sun watsu, wasu na aiki a birane, wasu sun koma gona, biyu sun bi shi ta irin hanyar da ya bi. In an auna da abin da aka rasa, abin da ya rage kaɗan ne, kuma ban ga amfanin ƙawata shi ba.

Amma kwanan baya wata matashiya daga Gummi ta zo in duba mata aikin da take farawa, na wani ɗakin haihuwa da ke son ungozomomi su riƙa sanar da nakuda mai wuya ta waya. Ba ta taɓa ganin Nafi'u ba, wata ƙawarta ce ta ba ta filash. Ta rubuta umarnin a gabana, fayilolin suka jeru. Ta buɗe na farko, ta ga ɗan layin da ke can sama wanda ke ɗauke da sunan marubucin, ta kai hannu za ta goge don ta sa nata, sai ta dakata ta tambaye ni wane ne wannan Nafi'un. Na gaya mata, ban rage komai ba. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ta shafa, ta sauka layi na biyu ta rubuta sunanta a ƙarƙashin nasa, ta ci gaba da aiki.

Allah ya jiƙan Nafi'u da direban da ko sunansa ban sani ba, ya haskaka makwancinsu, ya mayar da waɗanda ke daji ga iyalansu, ya kawo mana ranar da mutum zai fita da hantsi ya dawo gida.